Lambar Farar Bas

Duk wanda ya taɓa hawa motar haya tsakanin Dutse da Kiyawa ya karanta rubutun Malam Abdulwahab, ko da bai san fuskarsa ba. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana rubuta allunan shaguna da sunaye a bayan motoci, da burushi da fenti, kafin masu injin buga takarda mai mannewa su zo su janye kasuwar. Direbobi Malam Fenta suke ce masa. Mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa, taurin kan da ya wuce misali. Idan harafi ɗaya ya karkace, sai ya goge allon gaba ɗaya ya sake, mai allon yana tsaye yana rantsuwa cewa shi ya yi masa a haka.

Matarsa Mahbuba ce kaɗai take iya masa. 'Yar Kiyawa ce, ƙanwar wani malami da ake kira Modibbo, mace mai fara'a da tsokana. Idan ta leƙo zaure ta tarar yana goge allo karo na uku, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, allon mai waina ne fa, ba takardar kotu ba." Ya yi kamar bai ji ba, amma gefen bakinsa yana motsi. Shekara talatin da huɗu suka yi a haka, a gidansu da ke bakin titi kafin a kai Shuwarin. 'Ya'ya maza sun watsu neman abinci. Autarsu Munira ce a kusa, tana aure a cikin Dutse.

Awaki ne suka jawo kyamara gidan. Wasu marasa tsoron Allah sun koyi tsayawa da mota da rana tsaka, su suri akuya su jefa a but su wuce. Da aka ɗauke wa Mahbuba ta biyu, Munira ta sayo 'yar kyamara mai aiki da hasken rana, aka kafa ta a saman ƙofar gida, tana kallon turke da 'yar rumfar zaure, da wani yanki na titi can nesa. Malam Abdulwahab ya yi ta mita, wai gida ya zama banki. Mahbuba kuwa duk sanda za ta fita sai ta ɗaga wa abin hannu, ta ce tana gaida mai gadi.

Ranar wata Laraba a farkon damina, bayan la'asar, ta ɗauki fulas ɗin kunu za ta kai barka tsallaken titi. Malam yana alwala ya ji ƙara da ihun mutane. Kafin ya iso takalmi ɗaya a ƙafa, an riga an lulluɓe ta da mayafinta. Motar da ta buge ta ba ta tsaya ba. Masu gani suka ce fara ce, bas ce, ta yi hanyar Kiyawa. Farar bas a wannan titin kuwa, kafin ka sha ruwa biyar sun wuce.

A wajen zaman makoki ya yi abin da ake yi. Ya karɓi gaisuwa, ya amsa amin har muryarsa ta dushe. Sai a rana ta uku liman ya matso kusa da shi ya ce, cikin tausasa murya, "Malam, ƙaddara ce ta riga. Ka yafe wa wanda ya yi, ka samu lada, zuciyarka ta sauka."

Malam Abdulwahab ya ɗago ya dube shi. "Zan yafe, Malam Liman. Wallahi ba ni da niyyar kai kowa ƙara. Amma wa zan yafe wa? Kwalta? A nuna mini shi, in ga idonsa, in ce masa na yafe da bakina."

Mutane suka ce zafin rashi ne, zai wuce. Ba su san shi ba ke nan. Ba ɗaukar fansa yake nema ba. Kalma ɗaya ce ya ajiye a ƙirjinsa, ita kaɗai ta rage masa da zai yi wa Mahbuba, kuma ya ƙi ya furta ta ga iska.

Munira ce ta tuna da kyamara. Ta ciro ɗan katin da ke ciki ta saka a waya, suka zauna su biyu a kan tabarma. Ga Mahbuba ta fito da fulas, ta ɗaga hannu, ta bi gefen titi tana ƙanƙancewa, har ta shiga bayan wata bishiyar darbejiya. Ba ta fito ta ɗaya gefen ba. Abin da ya fito farar bas ce, ta nuna bayanta kamar na ƙiftawar ido uku, ta ɓace. Munira ta kifa fuska a cinya tana kuka. Shi kuwa ya ce, "Mayar baya. Tsayar da shi a nan. Ƙara girmansa."

Ta ƙara. Inda lambar take, wani ɗan tabo ne kawai, fari da ja-ja, kamar an goga yatsa a kan ɗanyen fenti. Iya yadda aka buɗa hoton, iya yadda tabon yake daɗa dagulewa.

Ya kai wa 'yan sanda hoton, suka duba da gaske, suka ce babu abin kamawa. Ya zaga masu gyaran waya na cikin Dutse ɗaya bayan ɗaya. Wani mai gaskiya a cikinsu ya ce masa, "Baba, wannan kyamarar ta ƙofar gida ce, ba ta ganin nesa. Abin da ba ta ɗauka ba tun farko, babu na'urar da za ta fito da shi. Wanda ya ce maka zai iya, yaudararka zai yi." Malam ya yi godiya, ya hau adaidaita ya dawo gida. Bai yarda ba ko kaɗan. Shi a iya saninsa, duk rubutu yana barin alama, kuma babu wanda ya fi shi sanin yadda bakwai ta bambanta da ɗaya daga nesa.

Washegari ya auna tazarar da ƙafarsa, daga ƙofar gida zuwa inda bas ɗin ta ɓullo: taku ɗari da arba'in. Ya ciro burusansa da suka daɗe a gwangwani, ya yanka falankin silin daidai girman lambar mota, ya shafe da fari, ya rubuta haruffa da lambobi da jan fenti, irin na motocin haya. Bayan la'asar, daidai lokacin da rana take inda take a wancan yinin, sai ya ɗauki allon ya je ya kafa shi a kan sanda a bakin kwalta, ya dawo ya duba yadda kyamara ta dagula shi, ya gwada da tabon bas ɗin. Idan bai yi kama ba, ya goge ya rubuta wata. Dabarar ba ta wauta ba ce, a yi masa adalci. Matsalar kawai ita ce takwas da uku da sifili duk tabo iri ɗaya suke bayarwa a taku ɗari da arba'in, kuma lambobin da ke duniya sun fi kwanakin da suka rage masa yawa.

Damina ta yi nisa, gero ya rufe gonaki, aka girbe, aka tara karan. Kullum bayan la'asar ana ganin dattijon a bakin titi da allonsa. Ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. Direbobin da suka san shi sukan danna ham su ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga. Awakin ma da aka sayo kyamarar dominsu ya rabar da su, don babu mai kula. Modibbo yakan zo daga Kiyawa jefi-jefi, ya zauna a rumfa yana jan carbi, yana kallon allunan da aka jingine da bango. Sau biyu ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya ƙare da cewa, "Malam, ka bar wa Allah." Malam ya ce, "Na bar masa, Modibbo. Lamba kawai nake nema."

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, kafin ya kai ga bas ɗin, sai ya fara kallon matarsa tana fitowa da fulas. Kullum daga nan yake farawa, ko da yake ya san yadda ake tsallakewa. Wannan ne ya fi ci wa Munira rai. Ta gaji da roƙonsa ya daina, sai ta bi ta inda zai ji. Ta sayo wata kyamarar, babba, mai jawo nesa kusa, aka kafa ta gefen tsohuwar, aka saita idonta a kan wancan yanki na titi kaɗai. Wannan kam tana karanta lambar mota tas da rana, har da ƙusoshin da suka riƙe ta.

"Ga shi, Baba," in ji ta. "Ko ba komai ka huta da tsayuwa a rana."

Ya dubi hoton da ya fito garau. Sannan ya ce, "Da ita aka saya tun farko." Munira ta juya ta shige ɗaki. Ya san maganar ta soke ta, ya kuma yi nadama, amma bai iya binta ba.

Daga nan aikin ya canza. Duk farar bas da ta wuce bayan la'asar, sabuwar kyamara ta ɗauke ta garau, tsohuwar ta ɗauke ta a dagule. Shi kuma sai ya jera dagulallen hoton da na ranar Laraba ya duba. Ba lambar kaɗai yake dubawa ba yanzu. A bayan waccan bas ɗin, ƙasa da gilashi, akwai wani duhu mai lanƙwasa kamar lauje, da ya daɗe yana ɗauka inuwa ce ko tsatsa.

Wata tara da rasuwar, cikin zafin bazara, ya samu. Wata farar bas ta wuce, tsohuwar kyamara ta nuna lanƙwasar nan sak, ba ragi ba ƙari. Ya buɗe hoton sabuwar. Lambar ta fito ɓaro-ɓaro, amma ba ita ya tsaya kallo ba. Lanƙwasar rubutu ce da koren fenti, "Ɗan Kiyawa", kuma hannunsa ne. Ya tuna ranar da ya rubuta shi. Ƙofar bayan motar tana da loɓa, ya ƙi ya rubuta a kanta, ya zagaye ta da haruffan. Wata tara yana kallon rubutun kansa bai gane shi ba.

Da safe ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula, bai gaya wa Munira ba. Ya tare mota ya sauka a tashar Kiyawa. A hanya yana ta jera yadda zai yi. Zai sa a kira direban. Mutumin zai musa, ko ya faɗi ƙasa yana kuka. Shi kuma zai bari ya gama, ya gaya masa wace ce Mahbuba, sannan ya ɗaga shi ya ce masa ya yafe.

Shugaban direbobin tashar tsohon abokin hulɗarsa ne. Ya tarbe shi da murna, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi. Malam ya miƙa masa 'yar takarda da lambar a rubuce. Shugaban ya karanta, ya dube shi da mamaki.

"Motar Rabi'u ce. Lafiya dai, Malam Fenta? Ko wani abu ya sake tasowa?"

"Ya sake?"

"To ai na ga magana ta mutu tuni. Ranar da abin ya faru, nan ya zo kai tsaye. Tsoron duka ne ya hana shi tsayawa, ka san halin mutane idan sun taru. Kwana huɗu da rasuwar muka ɗauke shi, mu shida, muka je gidan Modibbo, tunda marigayiyar 'yar gidan ce, shi ne babba. Modibbo ya ce jinin gidansu ne, sun yafe duniya da lahira. Muka ce saura wajen maigidanta. Ya ce a'a, kana cikin zafi, a bar masa kai, shi zai gaya maka idan ka huce." Shugaban ya tsaya, yana karantar fuskar baƙonsa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Bai gaya maka ba?"

Malam Abdulwahab ya ajiye kofin ruwan a ƙasa a hankali. Bai ji haushin Modibbo ba a lokacin, haushin daga baya ya zo. Ya gane yadda abin ya faru: mutum ya ɗaga magana zuwa gobe, goben ta zama wata, har ta yi nauyin da baki ba ya iya ɗauka. Abin da ya ji kunya ce, mai zafi, tun daga wuya har tafin ƙafa.

"Allunan da nake kafawa a bakin titi," ya ce, "kuna gani?"

"Muna gani." Shugaban ya sunkuyar da kai. "Mun ɗauka baƙin ciki ne ya ɗan taɓa ka. Shi ya sa na ce wa yaranmu su riƙa gaishe ka idan za su wuce."

Aka kira Rabi'u. Ba wani mugun mutum ba ne ya shigo. Magidanci ne ɗan shekara arba'in, siriri, da furfura 'yan kaɗan a gemu da tsumman goge gilashi a kafaɗa. Yana ganin wanda ke zaune ya cire takalmi ya durƙusa. Ya ce tun ranar ya koma ɗaukar fasinjan Kafin Hausa don kada ya bi ta wurin, sai kwanan nan aka dawo da shi layin Dutse. Ya ce kullum yana sa marigayiyar a addu'a. "Kuma Baba, ban samu na yi maka godiya ba. Da aka ce mini kun yafe, ranar na fara iya cin abinci. Allah ya saka da alheri."

Malam ya dube shi sosai, ido cikin ido, yadda ya daɗe yana so. Duk jawabin da ya shirya ya tsere masa. Tambaya ɗaya ce ta fito, wadda bai ma san yana ɗauke da ita ba.

"Ta gan ka kafin ka iso? Ta ji tsoro?"

Rabi'u ya murza tsumman. "Wallahi Baba ban sani ba. Mayafi kawai na gani. Ban ga fuskarta ba."

"To," in ji Malam. "Na yafe maka."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Shi ke nan. Kalmar da ya yi wata tara yana dakonta ta fita kamar amsa gaisuwa. Babu wanda yake jiranta. Rabi'u ya riga ya karɓi tasa tun damina, ya yi kukansa, ya warke iya warkewar da zai yi. Malam ya saurari ƙirjinsa ko zai ji saukin da liman ya yi masa alkawari, bai ji komai ba sai gajiya. Gidan Modibbo yana nan bayan masallaci, tafiyar minti biyar. Ya dubi lungun, ya ga ba shi da ƙarfin ganin wani dattijo yana jin kunya a gabansa yau.

Ya miƙe ya ce zai koma. Shugaban ya rako shi waje, sai dukansu suka tsaya. Rana ta take, tashar ta yi fayau, motar Dutse ɗaya ce tak a kan layi, kwandasta yana ta kiran saura mutum ɗaya. Shugaban ya ce, "Bari in sa a kai ka a babur." Malam ya girgiza kai. Ya zagaya ta bayan motar, ya wuce koren rubutun bai taɓa shi ba. Wani fasinja ya sauko ya bar masa gidan gaba saboda girma.

Suka kama hanya. Fasinjoji suna hirar tsadar taki da zafin gari. Rabi'u ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana tafiya a hankali har wata mata a baya ta tambaya ko motar ba ta da lafiya. Malam Abdulwahab yana kallon titi ta gilashin gaba, daga inda direba yake ganinsa. Bai taɓa ganin wurin ta wannan ɓangaren ba. Suka wuce Shuwarin, rufin gidansa ya fara ɓullowa can gaba.

Kwandasta ya leƙo ta tsakanin kujeru. "Baba, a ina za ka sauka?"

Malam bai juya ba. Ya ce, "Direba ya san wurin."